Tarihin Turare da Man Ƙamshi na Tsirrai

Man ƙamshi wani ruwa ne mai saurin bin iska, wanda tsirrai ke ajiyewa a fure, ganye, ɓawo, saiwa ko ƙaro. Sunan mai kawai gare shi, amma ba ɗan'uwan man gyaɗa ko manja ba ne: idan aka ɗiga shi a takarda yakan tashi, galibi bai bar maiƙo ba. Shi ne ke bugun hanci idan an murza ganyen ɗoɗɗoya ko an ɓare lemo. Wannan saurin tashi ne masu haɗa turare suka yi dubban shekaru suna fama da shi, kuma tarihin sana'arsu tarihi ne na neman dabarar kama ƙamshi a adana.

Dabarar farko wuta ce. Kalmar da Turawa ke kiran turare da ita daga Latin ta fito, ma'anarta "ta hanyar hayaƙi", kamar yadda turare da turarawa suke 'yan gida ɗaya a Hausa. A tsohuwar Masar ana ƙona wani haɗi da Girkawa suka kira kyphi a wuraren bauta da maraice. Marubucin Girka Plutarch ya ce abubuwa 16 ke cikinsa, har da zuma da busasshen inabi da ƙaron mur. Wajen shekara ta 1470 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarauniya Hatshepsut ta aika jiragen ruwa ƙasar Punt, suka komo da ƙaro da itatuwan turare ɗanyu a cikin kwanduna don a dasa. Zanen wannan tafiya yana nan har yau a bangon gininta da ke Deir el-Bahari.

Sarkin turaren wancan zamani shi ne lubban. Itacensa gajere ne, yana fitowa a kan duwatsun Zufar ta Oman, da Hadaramaut ta Yaman, da arewacin Somaliya. Akan kankare ɓawon, ƙaro fari kamar madara ya tsattsafo, a bar shi ya daskare kafin a zo a ɓamɓare. Daga nan sai ayarin raƙuma. Pliny, marubucin Rum, ya ƙirga zango 65 daga Timna ta kudancin Arabiya zuwa Gaza a bakin Bahar Rum, kuma a kowane zango sai an biya kuɗin ruwa, da na abincin dabbobi, da na masauki, da fito. Da wannan kuɗin fiton birnin Petra ya yi arzikin da ya sassaƙa gine-ginensa a jikin dutse.

Hayaƙi kuwa ba ya zama a jiki, shi ya kawo dabara ta biyu, wato jiƙa fure ko ƙaro a cikin mai har man ya sha ƙamshin. Man da Misirawa suka fi so a wannan aiki na ƙwallon aduwa ne da na wani ɗan'uwan zogale, domin ba su da wari mai ƙarfi kuma ba sa saurin lalacewa. A Mesofotamiya, wani allon laka na wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya ya adana sunan Tapputi, mace mai haɗa turare a fada.

Dabara ta uku, wadda ta haifi man ƙamshi tsantsa, ita ce tatsa da tururi. Akan zuba fure da ruwa a tukunyar tagulla, a rufe, a hura wuta. Tururi ya kwashi man ya bi ta bututu, ya ratsa ruwan sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwalfe shi. Abin da ya rage a ƙasa ma ba a zubarwa, irinsa ne ruwan wardi. Malaman daular Abbasiyya ne suka kyautata wannan fasaha. A ƙarni na 9 a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta littafi kan kimiyyar turare mai ɗauke da haɗe-haɗe sama da 100, kuma akan jingina wa Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, inganta tatsar furen wardi. Aikin na masu haƙuri ne: a kwarin wardi na Kazanlak a Bulgeriya sai an tara fure kusan tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya na mai.

A garin Kannauj na Indiya har yanzu ana tatsa a tukwanen tagulla a kan itace, tururin ya faɗa cikin man sandal, wanda ke riƙe ƙamshin shekara da shekaru. Masu sana'ar garin har gasasshiyar laka suke tatsa don su kama ƙamshin ƙasa a ruwan farko na damina. Shi kuwa itacen udu, da ke zuwa daga Assam da Kambodiya da Biyetnam, abin mamaki ne: lafiyayyen itacen ba ya ƙamshi, sai ya ji rauni cuta ta shige shi sannan yake fitar da baƙin ƙaron da ake rububi. Yawan sara ya sa aka saka shi cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya tun 1995.

Turai ta shigo fagen tatsa a makare. Littafin Hieronymus Brunschwig kan tatsa ya fito a 1500. Garin Grasse na kudancin Faransa, wanda yau ake wa kallon hedikwatar turare, garin majema ne tun asali. Warin fata ne ya sa masu ɗinka safar hannu suka fara turara kayansu, har noman yasmin da wardi ya danne jima. Kanumfari kuma jini ya zubar: wani kamfanin Holan ya sassare itatuwansa a tsibiran Maluku don ya riƙe kasuwar shi kaɗai, daga baya nomansa ya koma Zanzibar a ƙarni na 19, a kan wuyan bayi. A 1868 William Perkin ya haɗa wani sinadarin ƙamshi mai suna kumarin a ɗakin bincike, daga nan turaren masana'anta ya fara arha. Maganar warkarwa da ƙamshi ta yaɗu ne bayan littafin René-Maurice Gattefossé na 1937. Akwai gaskiya a wani ɓangarenta, domin likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da man kanumfari, amma yawancin abin da 'yan talla ke jingina wa waɗannan mayuka ya wuce abin da bincike ya tabbatar. Tsantsarsu na iya ƙona fata, shansu kuma yana da haɗari, musamman ga yara.

Ƙasar Hausa ta daɗe cikin wannan ciniki. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa man wardi da jawul da kanumfari cikin kayan da ke shigowa ta Sahara. A gida kuma akwai hano, ɗan'uwan itacen lubban, da dashi, da kajiji, da saiwar jema. Matan Barno sun yi suna wajen haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da ta haɗa su da Cadi da Sudan, kuma da wuya a kai amarya ɗakinta ba kasko da kwalaben turare. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920, an gina shi a kan mai ne ba barasa ba, abin da ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu. Daga baya aka riƙa yin sa a Kano.