Kafin a Sake wa Kwamfuta Babbar Manhaja

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu a unguwar Sabo, 'yan canji da ɗalibai da masu shagon buga takardu, ke kai kwamfutocinmu wurin masu gyara a Mokola ko Dugbe domin a sauya musu babbar manhaja, wato wadda duk sauran manhajoji ke aiki a kanta. Akwai wani ɗan lungu a wannan aiki da ya kamata mu sani.

Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ke fara farkawa ba. Wani tsari da ke jikin injin, UEFI a sababbi, BIOS a tsofaffi, shi ke fara neman fayilolin tashi, waɗanda ke nuna masa inda babbar manhaja take. Kamar baƙo ne ya sauka Sabo da goro: maigida na nan, ɗaki na nan, amma sai an samu yaron da zai raka shi. A sababbin kwamfutoci fayilolin na zaune a wani ƙaramin yanki na faifan ajiya da ake kira EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 zuwa 500 ba. A cikin fayilolin, na Windows da ke nuna hanyar sunansa BCD, Ubuntu kuwa, wadda ita ma babbar manhaja ce, da GRUB take tashi.

Saboda ƙanƙantar yankin, wanda bai sani ba yakan ɗauka tarkace ne, ya goge. Daga nan sai baƙin allo da saƙon cewa ba a ga abin tashi ba. A nan asara ke shigowa, domin hankali ya tashi, sai a ce a yi fomatin gaba ɗaya, alhali lissafin bashi da hotunan biki suna nan lafiya, hanyar ce kawai ta ɓace. Mai gyara da ya san aikinsa yakan sake gina fayilolin da filashin girkawa ba tare da ya taɓa komai ba.

Don haka kafin a fara, mu kwashe muhimman takardunmu zuwa wani faifan daban. Mu tambayi mai gyara yankin da zai goge, ya nuna mana a allo. Mai tsohuwar kwamfuta tokunbo ya sani cewa Windows 11 na buƙatar UEFI da wani tsarin tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba kowace ke da su ba. Mai son haɗa Windows da Ubuntu ya fara sa Windows.

Idan faifan a kulle yake da BitLocker, a rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda tukuna, domin sauya tsarin tashi kan sa a nemi shi. Kuma kada a fara girkawa sai batir ya cika, ko janareto na kusa, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta waɗannan fayiloli kan hana kwamfutar tashi.