Idan Fetur Ya Shaƙe Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da ke tsakanin Mahuta da Malumfashi da Funtuwa a lokacin kaka, sa'ad da ake kwasar masara da dawa da auduga daga gonaki zuwa kasuwannin Bakori da Dandume, ya san cewa har yanzu wani kaso na wannan kaya yana tafiya ne a bayan tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Waɗannan motoci da kafireto suke shan mai, kuma daga cikin illolin da suka fi addabarsu akwai wadda makanikai ke kira obafulo, watau fetur ya yi wa inji yawa har ya shaƙe shi.

Asalin mas'alar mizani ne. Inji ba ya ƙona fetur sai an gauraya shi da iska bisa ƙa'ida, kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na fetur idan an auna da nauyi, kuma da zarar mai ya rinjayi iska, wutar fulogi ba ta iya cinye shi. A cikin kafireto akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, a cikinsa kuma akwai wani abu marar nauyi da ke yawo bisa man kamar gorar masunci bisa ruwa. Idan kwanon ya cika sai abin ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofar mai, idan man ya ragu sai abin ya sauka ta buɗe. Galibin obafulo daga nan yake tasowa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: warin ɗanyen fetur, baƙin hayaƙi daga salansa, da ƙin tashi bayan an kashe mota tana da zafi. Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana jikin fulogi, domin idan aka kwance shi aka tarar da bakinsa jiƙe sharkaf, ko ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, to haƙiƙa mai yana shiga ba ya ƙonewa.

A nan ne, a ganina, ake yawan gaggawar yanke hukunci. Jiƙaƙƙen fulogi shaida ne cewa mai bai ƙone ba, bai faɗi dalili ba, domin motar da kwayil ɗinta ya raunana, ko wayoyin fulogi suka tsufa, ita ma haka za ta nuna alhali kafiretonta lafiya lau yake. Saboda haka wajibi ne a fara tabbatar da cewa wuta tana zuwa da ƙarfi, sannan a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona ke toshewa, sannan a leƙa cok ko ya maƙale a rufe. Sai waɗannan sun kuɓuta daga zargi a buɗe kafireto.

Idan an buɗe, sababin bai cika wuce uku ba. Ko dai tsatsar tsohon tanki da dattin man galan na 'yan bumburutu sun zauna a bakin allurar sun hana ta rufewa, ko kan allurar ya cinye har ana ganin zobe a jikinsa, ko kuma abin da ke yawon ya huje ya sha mai ya nutse, wanda ake ganewa idan aka girgiza shi kusa da kunne aka ji motsin mai a ciki. Akwai kuma wata illa da gyara ke haifarwa, ita ce sa famfon mai na lantarki wanda ƙarfinsa ya fi abin da allurar za ta iya tarewa. Ƙwanƙwasa kafireto da sifana yakan saki allurar da ta maƙale mota ta tashi, amma dattin yana nan.

Direban da abin ya same shi a hanya ya daina buga totur, domin kowane bugu ƙarin mai ne. Ya taka shi har ƙasa ya riƙe, ya yi ki na 'yan daƙiƙoƙi iska ta share injin. In kuwa ya ga mai yana ɗiga bisa inji mai zafi, to ya kashe motar nan take, gama gobara ta fi kusa da shi fiye da kasuwa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu motoci sun fi jin zafin man da ke tafiya a banza, amma hasarar da ta fi wannan girma a ɓoye take. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran, ringi su riƙa cin ƙarfe a bushe. Don haka bayan an gama gyara a zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In ta yi warin fetur, ko man ya haura alamarsa ba tare da an ƙara ba, a juye shi kafin a sake ɗora wa motar buhu ko ɗaya.