Yadda allon Arduino zai iya rage wa manoman rani na Maraɗi wahalar ban ruwa

A garake da ke bakin Gulbin Maraɗi a gundumar Gidan Rumji, da na kwarin Gulbin Kaba ta ɓangaren Gazawa da Agiye, ban ruwa ne ke cin kuɗi da lokacin manomin rani. Lamarin ya ƙara tsanani tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya tsadar da man da ke tsallakowa iyaka.

Wani ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya nuna cewa akwai mafita. Shi ya ƙirƙiro tsarin da manomi ke kunna famfo mai aiki da hasken rana ta wayar salula, kuma ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan II a 2015.

Irin wannan aiki yana dogara ne da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa umarni. Wadda masu koyo suka fi farawa da ita ita ce Arduino, da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Samfurinta Uno bai kai tafin hannu ba, yana aiki da wuta volt 5, kuma manhajar rubuta umarninsa kyauta ce.

Umarnin kashi biyu ne: "setup", wanda ke gudana sau ɗaya idan an kunna allon, da "loop", wanda ke maimaita kansa ba tsayawa. Darasin farko shi ne sa ƙaramin ƙwan fitila ya riƙa kunnuwa yana mutuwa, tare da rezista mai ohm 220 don kada ƙwan ya ƙone.

Daga nan sai a soka na'urar auna danshi a cikin ƙasa. Allon yana karanta saƙonta a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023. Mai koyo zai gwada busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya, ya rubuta lambar da za ta zama iyaka: ƙasa ta bushe, famfo ya tashi, ta jiƙe, ya tsaya.

Sai dai a kula, ba a haɗa famfo kai tsaye da allon. Kowace ƙafarsa 'yar wuta kaɗan take bayarwa, kimanin miliamfa 20, don haka dole a sa makunnin rile a tsakani, famfon ya sha wutarsa daga batirin sola. Wanda ya tsallake wannan mataki, allonsa zai ƙone.

Ƙura da zafin bazara ma abokan gaba ne, shi ya sa ake rufe allon cikin akwatin roba a inuwa.

Masu gyaran waya da rediyo a kasuwannin yankin sun riga sun iya dalma da gano waya mai matsala. Abin da ya rage musu shi ne koyon rubuta umarnin, da samun garka guda da za su fara gwaji a ciki.