Taɓin hankali: me ya sa magani yake yi wa wani, bai yi wa wani ba?

Ƴan uwa masu karatu, a unguwannin Yamai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya a sami wanda bai san irin wannan labari ba. Saurayi ne mai natsuwa, mai taimakon iyayensa a gona ko a kasuwa. Sannu a hankali sai halinsa ya fara sakewa. Ya daina zuwa fada shan shayi da abokansa. Ya daina wanka. Dare ya raba, ba ya barci. Wata rana sai ya ce yana jin ana yi masa magana, alhali ba kowa a ɗakin. Ya ƙi cin tuwon gida, ya ce an sa masa guba.

Iyaye su ruɗe. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne. A sayar da akuya, a sayar da damman hatsi, a yi ta yawon neman magani. In abin ya tsananta, a sa masa mari a ƙafa. Shekara ta zagayo ba a kai shi asibiti ba.

Wani gidan kuma an kai yaron asibiti, an karɓo magani, ya sha, ya sami sauƙi. Maƙwabta suka kai nasu, aka ba shi irin wannan magani, amma bai yi masa ba. Sai suka ce ai dama ba ciwon asibiti ba ne. Yau za mu yi bayanin dalilin wannan bambanci.

Wane ciwo ne wannan?

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda muke magana a kansa, likitoci suna kiransa sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kimanin mutum miliyan 24 ne suke da shi, wato mutum 1 cikin 300. Ana samunsa a kowace ƙasa. Yakan fara ne a ƙarshen samartaka ko cikin shekarun ashirin, kuma yakan kama maza da wuri fiye da mata. Gado yana da hannu a ciki. Shan wiwi yana ƙara haɗarin kamuwa da shi. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta gaisawa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo daga wuri zuwa wuri ta hanyar wasu sinadarai da take yi da kanta. Ɗaya daga cikinsu sunansa dofamin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna aikinsa a ƙwaƙwalwa, har ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000.

Kowa yana da dofamin. Yana taimaka wa motsin jiki. Yana kuma gaya wa mutum cewa abu kaza muhimmi ne, ya kula da shi. In ya yi yawa a wani wuri da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai abin da ba komai ba ya zama babba. Mutum biyu suna dariyarsu a bakin titi, marar lafiya ya ce da shi suke. Rediyo yana labarai, ya ce shi ake aiko wa saƙo. Ba ƙarya yake yi ba. Haka ƙwaƙwalwarsa take nuna masa.

Mu ɗauki misalin gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy, a bakin kogin Isa. Ruwa yana bin magudana, ya shiga gona ta ƙofa. In ya shiga daidai, shinkafa ta yi kyau. In ya yi yawa, ya shanye shuka. Dofamin kamar wannan ruwa yake.

Yadda magani yake aiki

A shekarar 1952, a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani sabon magani a kan masu taɓin hankali. Da yawa suka natsu, muryoyin da suke ji suka ragu. Shi ne maganin da ake sayarwa da sunan Largactil. A shekarar 1958 aka haɗa wani a ƙasar Beljiyam, wanda aka sani da Haldol. Har yau ana amfani da su, tare da sabbin da suka biyo baya.

Aikin waɗannan magunguna shi ne tare ƙofofin da dofamin yake bi ya isar da saƙonsa, kamar yadda manomi yake rage ƙofar ruwa. Amma akwai awo. A shekarar 2000, masu bincike a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda ciwon ya fara kamawa. Suka ga sauƙi yakan samu in magani ya tare kimanin kashi 65 cikin 100 na ƙofofin. In ya wuce kashi 78, sai jiki ya fara sandarewa, hannu yana rawa. Ashe ƙara yawan ƙwaya ba shi ne ƙara lafiya ba. In aka toshe ƙofar ruwa gaba ɗaya, shinkafa bushewa za ta yi.

Me ya sa bai yi wa kowa ba?

Mafi yawan waɗanda ciwon ya fara kamawa suna samun sauƙi da magani. Amma kusan mutum 1 cikin 3 masu wannan ciwo, magungunan da aka saba bayarwa ba sa isarsu.

Masu bincike a birnin Landan na ƙasar Ingila sun nemi dalili. A shekarar 2012 suka nuna cewa waɗanda magani ya yi wa aiki, ƙwaƙwalwarsu tana yin dofamin da yawa. Waɗanda bai yi wa aiki ba kuwa, nasu dofamin kusan daidai yake da na mai lafiya. A shekarar 2019 aka buga wani binciken nasu a kan waɗanda ciwon ya fara kamawa. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sannan aka bi yadda magani ya yi musu. Masu yawan dofamin su suka fi samun sauƙi.

Mu koma gona. Shinkafa tana iya lalacewa saboda ruwa ya yi yawa, tana iya lalacewa saboda tsutsa. In tsutsa ce, rage ruwa ba zai yi amfani ba, sai a nemi maganin tsutsa. Haka nan alamun ciwo suna iya zama ɗaya, amma tushensa a ƙwaƙwalwa dabam. Masana suna zargin wani sinadari mai suna gulutamet a wajen wasu marasa lafiya.

Na'urar da ke ɗaukar irin wannan hoto tana da tsada ƙwarai, a wajen bincike ake amfani da ita. Don haka likita yakan gwada magani ne, ya duba yadda jiki ya karɓe shi. In na farko bai yi ba, ya sake wani. In iri biyu sun kāsa, akwai wani mai suna kulozafin. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 1988 ya nuna ya taimaki kashi 30 cikin 100 na waɗanda sauran magunguna suka kasa yi wa aiki. Likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai yake yanke shawarar ba da shi, domin sai ana awon jini a kai a kai.

Abin da ya kamata mu yi

Na 1. Mu je asibiti da wuri. Bincike ya nuna cewa wanda ya daɗe da ciwon ba magani, sauƙinsa ya fi wuya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu fara da gidan likita na CSI mafi kusa. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu taɓin hankali, wanda aka fi sani da Pavillon E.

Na 2. In ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, a kai shi a ranar. Mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau.

Na 3. Mu ba magani lokaci. Akan ba shi sati 4 zuwa 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Wani babba a gida ya riƙa bayarwa da hannunsa, domin sau da yawa ba maganin ne ya kasa ba, shansa ne ba a yi ba.

Na 4. In jiki ya sandare, ko wuya ya karkace, ko miyau yana zuba, mu koma wurin likita. Zai rage awo ko ya sake magani. In sandarewar ta haɗu da zazzaɓi mai zafi, a garzaya asibiti nan take.

Na 5. Kada a bar magani don an ga sauƙi. Akan ci gaba da sha aƙalla shekara 1 bayan alamun sun tafi, wasu ma fiye da haka. Wanda shan ƙwaya kullum yake yi wa wuya, akwai allurar da ake yi sau ɗaya ko sau biyu a wata.

Na 6. Kada mu sayi waɗannan magunguna wurin masu talla a titi. Marar lafiya ya nisanci wiwi da tramol da giya.

Na 7. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi. A yi masa magana a hankali. In ya fara samun sauƙi, a ba shi ɗan aiki, kamar ban ruwa a garka ko kiwon awaki. Addu'a kuma ba ta hana shan magani.

Ƴan uwa, in maganin farko bai yi wa ɗanku ba, wannan bai nuna ciwon ya fi ƙarfin asibiti ba. Ku koma da takardar maganin, ku gaya wa likita abin da kuka gani: barcinsa, cin abincinsa, maganganunsa. Da wannan bayani naku ne likita zai san matakin da zai ɗauka. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.