Shin Magani Yana Sauya Sakamakon Gwajin Ciki?

'Yar'uwa, tsinken gwajin cikin da kike saye, a Jibiya ne ko a Maraɗi, abu ɗaya yake nema a fitsari: sinadarin hCG, wanda jiki ke samarwa bayan ciki ya shiga. Shi ya sa mafi yawan magunguna ba sa ruɗa shi. Farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, da ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa, duk ba sa sauya sakamako.

Abin lura shi ne allurar neman haihuwa mai ɗauke da hCG, irin Pregnyl. Takan sa layi biyu su fito alhali babu ciki, har kusan kwana 14 bayan an yi ta. Maganin da ke sa yawan fitsari kuwa, wanda ake ba wasu masu hawan jini, yakan sirka fitsarin har a kasa gano ƙaramin ciki.

Don haka ki gwada da fitsarin farko na safe, bayan ranar al'adarki ta wuce. Ki guji tsinken da wa'adinsa ya ƙare ko wanda ya sha rana a rumfa. Idan layi ɗaya ya fito kuma al'ada ba ta zo ba, ki sake gwadawa bayan kwana 3.

Idan gwaji ya nuna ciki, kada ki dakatar da maganin hawan jini, farfaɗiya ko ƙanjamau da kanki. Ki kai kwalinsa asibiti a duba. In kuwa akwai ciwon mara mai tsanani ko zubar jini, a garzaya da ke asibiti nan take.