Farfesa Marian Diamond: Matar da Ta Nuna Ƙwaƙwalwa Tana Girma da Amfani

Sau da yawa mu malamai mukan ji iyaye suna cewa, "Malam, yaron nan ba shi da kai, haka Allah ya yi shi." Kafin mu yanke wa yaro wannan hukunci, ya kamata mu san labarin Farfesa Marian Diamond ta ƙasar Amurka.

An haife ta a 1926 a jihar Kalifoniya. Ta sami digirin dakta a 1953 a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, inda daga baya ta shafe fiye da shekara hamsin tana koyar da ilmin sassan jikin ɗan Adam. A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka cewa ginin ƙwaƙwalwa gado ne, ba abin da zai sāke shi.

Ita da abokan aikinta suka raba ɓeraye kashi-kashi. Waɗansu aka tara su a babban keji da kayan wasa da ake canzawa a kai a kai. Waɗansu kuwa aka ware kowanne shi kaɗai a kejin da ba kome. A 1964 suka bayyana sakamako: ɓawon ƙwaƙwalwar masu wasa ya fi na sauran kauri da kashi 6 cikin 100. A 1985 ta nuna cewa tsofaffin ɓeraye ma ƙwaƙwalwarsu takan ƙaru haka nan. Ashe icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kuma gemu ba ya hana ilmi.

Abubuwa biyar ta ce ƙwaƙwalwa ke bukata: abinci mai kyau, motsa jiki, aiki mai sa tunani, sabon abu, da ƙauna. Ta rasu a 2017 tana da shekara 90.

Ɓera ba mutum ba ne, amma darasin ya shafe mu. Yaronmu na Nyohini da ke Hausa a gida, Dagbani a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci a aji, ba za a ce ba shi da kai ba. Mu ba shi koko da ƙosai kafin ya fita. Mu maido da tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha'i. Mu amsa tambayarsa maimakon mu daka masa tsawa. Idan mun kai shinkafa gidan marayu na unguwarmu, mu zauna mu yi wasa da yaran. Iyayenmu mata da ke jin kunyar ajin yaƙi da jahilci kuma, su zo, lokaci bai ƙure ba.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.