Barin Aiki Ba Ya Shafe Albashin Da Kake Bi

Da yawa daga cikin waɗanda suka bar aiki a masana'anta, ko makarantar kuɗi, ko kamfanin gadi, suna tafiya ne da bashin wata biyu ko uku a kan tsohon ubangidansu. Kullum sai a ce musu "ku dawo ƙarshen wata", har ƙafa ta gaji da sintiri, daga nan sai ka ji mutum ya ce ya bar su da Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a Najeriya doka ta ɗauki albashin da aka riga aka yi wa aiki a matsayin bashi, kuma ko korar mutum aka yi, ko shi ya ajiye da kansa, bashin yana nan sai an biya.

Dokar Ƙwadago, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta fayyace lokacin biya. Sashe na 15 ya hana a tsawaita tazarar biyan albashi fiye da wata guda. Sashe na 11 kuma ya tsara notis ɗin rabuwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata guda ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Duk abin da ma'aikaci ke bi, wajibi ne a biya shi kafin wa'adin ya cika ko a ranar da ya cika. In an sallame shi nan take ba tare da laifin da ya kai a kore shi ba, sai a haɗa masa da kuɗin kwanakin notis ɗin.

Kuɗin hutu shi ne haƙƙin da aka fi mantawa da shi. Sashe na 18 ya ba duk wanda ya yi wata 12 a jere hutun aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi. Muddin mutum yana bakin aiki, doka ta hana a ba shi kuɗi a madadin hutun, domin so ake ya huta ɗin. Amma da zarar an rabu, hutun da bai ci ba sai ya koma kuɗi. Ko wanda bai cika shekara ba, in dai ya yi wata shida zuwa sama, yana da kasonsa daga albashin mako guda gwargwadon watannin da ya yi. Wanda ya yi wata tara, alal misali, zai karɓi kashi uku cikin huɗu. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. In takardar ɗaukar aiki ta yi alkawarin hutun kwana 21 ko alawus na hutu, to da ita za a yi lissafi.

Wani abin da ake yawan fakewa da shi shi ne zaftare albashi da sunan tara ko ɓarnar kaya. Sashe na 5 ya hana cire tara daga albashi. Ko da ma'aikaci ne ya jawo asara da gangan ko da sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire wani abu. Sai dai a lura, waɗannan sassa sun fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su likitoci da injiniyoyi, yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ce madogararsu, kuma kotu tana tilasta cika ta.

Matakin farko shi ne tattara hujja. A adana takardar ɗaukar aiki, wadda sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci cikin wata uku da fara aiki, da katin shaida, da takardar sallama. Wanda ba a ba shi takarda ba kada ya karaya: bayanan asusun banki da ke nuna shigowar albashin baya, da saƙonnin WhatsApp, da abokan aikin da za su ba da shaida, duk suna amfani. Daga nan sai a rubuta wasiƙa cikin ladabi, a jera watannin da ake bi da adadin kuɗin, a ba da wa'adi, a kuma tabbata an sa hannu a kwafin da za a riƙe. Kada a sa hannu a takardar da ta ce an karɓi komai alhali da saura.

In shiru ya yi yawa, ɗan ƙungiyar ƙwadago ya fara da ƙungiyarsa. Akwai kuma ofisoshin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, inda jami'ai ke kiran ɓangarori biyu su sasanta. Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, da aka kafa a 1975, tana karɓar ƙorafi kyauta, amma ana so a kai shi cikin wata 12 da faruwar abin. Wanda aka riƙa cire masa kashi 8 cikin ɗari na fansho ba a zuba a asusunsa ba, hukumar PenCom ce wurin kai kukansa.

In sulhu ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraren shari'ar albashi da sallama ita kaɗai, kuma tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen. Tun 2015 tana da cibiyar sasanci, wadda kan rage tsawon shari'a da kuɗin lauya. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓo albashi ba ne, riƙe kayan kamfani a matsayin jingina kuwa yana iya mayar da mai gaskiya mai laifi.

Don haka, duk wanda ke bin tsohon wurin aikinsa kuɗi ya zauna ya yi lissafinsa tun shaidu suna kusa, ya rubuta wasiƙarsa, ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Masu ɗaukar ma'aikata kuma su ji tsoron Allah su sallami mutane da haƙƙinsu a hannu.